Hannun Cikin Mayafi

Tun da aka shigo da Marainiya kotu take kuka, kukan nan marar sauti, hawaye kawai ke bin kumatunta. Watanni ta kwashe a gidan yari tana jiran shari'a, babu mai tsaya mata beli, babu wanda ya leƙa ta ko da ruwan sha. Wai ita ta sheƙa wa maƙwabciyarsu tafasasshen ruwa ta baya a bakin famfo... alhali Allah ya sani, Shalele ce, 'yar Kawu, ta yi wannan aika-aika! Maƙwabciyar ba ta ga fuska ba, ihu kawai ta yi ta faɗi.

"Ke wa gare ki?" Kawu ya ce mata ranar da 'yan sanda suka zo. "Ki ja bakinki, ki rufa wa gidan da ya ci da ke asiri."

Ta ja bakin nata kuwa. Ko da aka karanta mata tuhuma ta kasa cewa uffan, alƙali ya rubuta ba ta amsa laifi ba. Mai gabatar da ƙara ya nemi ɗaurin shekaru. Wayyo maraici! A zuciyarta take faɗin, "Ya Allah, ba ni da kowa sai kai..."

Kawu ya rantse, ko gezau. Ya nuna ƙatuwar tukunyar da aka ajiye shaida. "Da idona na gan ta, ranka ya daɗe. Hannu bibbiyu ta ɗaga ta." Matarsa ma da aka shigo da ita daga waje, haka ta maimaita kamar karatu.

Lauyar da kotu ta ba Marainiya ta miƙe a hankali. "Ƙanwata, ɗaga mayafinki alƙali ya gani."

Marainiya ta ɗaga. Hannun hagun a shanye yake, a lanƙwashe, siriri kamar sanda. Matar Kawu ce ta karya shi tun tana ƙarama, aka hana kai ta asibiti, aka ce ta rufe shi kada a yi da gida. Sun sa ta ɓoye shi har su da kansu suka manta da shi!

Ranar yanke hukunci alƙali ya wanke Marainiya, ya sallame ta. Da aka sake bincike Shalele ta amsa laifinta, aka yanke mata ɗauri, Kawu da matarsa kuma aka tasa ƙeyarsu kan shaidar zur. Maƙwabciyar, da tabon ƙuna har wuya, ta rungumi Marainiya tana kuka. "Yafe mini 'yata, na sha tsine miki. Taho mu tafi gida."

A bakin ƙofa Kawu ya tsaya da ankwa, idonsa ƙur a kan hannun.

"Ban san ya lalace haka ba..."

Ta share hawayenta. "Kawu, ai ba ka taɓa dubawa ba."