Belbelun Ramin Damilu

Ranar Litinin da hantsi aka kira Sufeto Lado. Belbelu da zalɓe sun mutu birjik a fadamar da ke gefen ramin da wani kamfanin jima yake zubar da dagwalonsa, bayan unguwar Damilu. Har wani kada ya juya ciki sama. Kafin Lado ya iso an riga an kulle maigadin wurin, Manasseh, wai ya zuba guba don ya kama kifi.

"Oga, wane kifi a wannan taɓo?" in ji Manasseh. "Shekara biyu ina faɗa musu ramin yana yoyo cikin fadama."

Manajan kamfani kuwa ya baje takardu: kowane wata jami'in muhalli yana ɗibar ruwan a gwada, kowane wata lafiya ƙalau. Lado ya duba sa hannun jami'in. Salihu ne, ƙanen mahaifinsa, wanda ya riƙe shi tun yana maraya.

A ɗakin gwaji Madam Edith, mai gwajin ruwa, ta tura masa kwalbar ruwan da aka kawo watan jiya.

"Sunsuna, Sufeto. Ka ji maganin tace ruwa? Wannan ruwan famfo ne, ko jariri sai ya sha."

Wallahi Lado ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ya sami tsohon a gidansa a Nassarawo. Ya cire takalmi, ya durƙusa, idonsa a kan tabarma.

"Bappa, wace rana kake zuwa ramin?"

"Juma'ar ƙarshen wata. Har bakinsa nake sauka."

"Manasseh ya ce ba ka taɓa wuce bakin get ba."

Salihu ya ajiye carbinsa.

"Daga can masallaci nake wucewa, Lado. Dagwalon nan har da fatun mushe. In ya taɓa rigata, da me zan yi salla? Sau ɗaya na cika kwalbar a famfon get, ba wanda ya ce uffan. Shi ke nan na saba."

"Bappa, bawan Allah yana kulle saboda rigarka."

Tsohon ya miƙe, ya sa hula.

"Je ka sake shi. Amma kada ka riƙe ni a cikin unguwa. Bari in shige gaba, kamar rakiya ka yi mini."

Haka suka fita. Maƙwabta suna ta sa wa Lado albarka, yaron kirki mai ziyartar bappansa. Shi kuwa yana biye da tsohon har suka isa caji ofis.