Fura da Hannun Hagu

"Da hagu, Safara'u?! Da hagu kika miƙa wa uwar Fa'izu fura?"

Inna Tani ce take faɗa tana tafa hannu a tsakar gidanmu na Farin Dutse, motar baƙin ko gama fita daga layi ba ta yi ba.

Ni dai ina zaune a gefen turmi. Kukan ma na kasa, gajiya ta fi ƙarfinsa.

Tun bara wani ƙullutu ya fito min a tsintsiyar hannun dama. In na huta ya lotsa, in na yi daka ya taso. Ranar kuwa tun safe nake kirɓa fura, don Hajiya Batulu za ta zo daga Birnin Kudu ta ga yarinyar da ɗanta ya nace wa. Kafin azahar abin ya kai ƙwan zabuwa, ga zugi har gwiwar hannu.

Sadiqa kaɗai ta san da shi. Ƙawata ce tun makarantar kwana, kuma 'yar ƙanwar Hajiyar ce.

"Wallahi ki ɓoye shi, ƙawata," ta ce min a waya. "Yayar Hajiya da ƙari ta fara, ashe ciwon daji ne. Ta ga wannan, magana ta ƙare."

Ni kuwa sarkin biyayya, na cusa hannun cikin hijabi, na durƙusa, na miƙa kwanon da hagu. A gaban matar malami! Gidan da yaro ko allo bai isa ya karɓa da hagu ba.

Ta kalli hannun, ta kalle ni.

"Alhamdulillahi, a ƙoshe nake."

Iyakar abin da ta ce ke nan har suka tafi.

Washegari da la'asar Fa'izu ya zo, duk ya faɗa. Muka zauna a zaure, ya daɗe yana murza hularsa.

"Sahibata, me ya sa? Ba halinki ba ne..."

"Me ta ce?"

"Ta ce ba za ta kai wa Malam yarinyar da ba ta san dama da hagu ba." Ya sunkuyar da kai. "Ta ce ga Sadiqa a gida."

Dariya na yi, irin wadda ba ta da daɗin ji. Sadiqa! Ashe ƙawar tawa da lissafinta.

Na gaji da ɓoyo, wallahi na gaji. Shekara guda ina karɓar tsarabarsa ta ƙarƙashin hijabi. Na zaro hannun na ajiye a kan gwiwata.

"Ga dalilin. Ka kalla da kyau, in tafiya za ka yi ka tafi tun yanzu."

Idonsa ya kaɗa.

"Shekara guda kina ciwo, ni ina nan ina yi miki surutun kayan lefe?"

Daga cikin gida Inna ta ɗaga murya, don kunnenta bai taɓa barin zauren ba.

"Gobe Maikano wanzami zai zo ya tsaga shi, kowa ya huta!"

"Inna, don Allah kada a sa masa aska," in ji Fa'izu. "Ku bari mu je asibiti tukuna."

Da safe muka hau mota mu uku zuwa asibitin Birnin Kudu. Layi ya yi tsawo, Inna ta yi gyangyaɗi har ta gode Allah.

Likitar mace ce. Ta latsa wurin, ta kanga ƙaramar tocila a jikinsa, sai ga haske ya ratsa shi.

"Kin gani? Ruwa ne. Ba daji ba ne, ba ya yaɗuwa. Ruwan gaɓa ne ya taru, mai yauƙi kamar kuɓewa. Wani ma da kansa yake ɓacewa."

"To a tsaga mana," in ji Inna.

"A'a, Inna. Kada a tsaga, kada a buge shi da wani abu, ƙwayar cuta za ta shiga gaɓar. Tunda yana mata zugi zan zuƙe da allura, a ɗaure hannun, ta huta da tabarya. Amma ku sani, yakan dawo. In ya matsa mata, sai a yi ƙaramin aiki."

Yakan dawo. Duk bayaninta wannan ce ta zauna min a ƙirji.

Da muka fito Fa'izu ya tsaya.

"Gida za mu wajen Hajiya, rabin raina."

"Fa'izu, ba ni da ƙarfin wani wulaƙancin..."

"Ki daure min. Wannan kawai."

Mun samu Hajiya a kan darduma, Sadiqa na gefe tana tsince mata shinkafa. Na durƙusa da hannuna a naɗe, na faɗi komai ba ƙari ba ragi. Sunan Sadiqa ne kawai ban kama ba.

"Wato kin gwammace in ce ba ki da tarbiyya, da in ce ba ki da lafiya?" in ji Hajiya. "Wa ya ce miki ina gudun mara lafiya?"

Sadiqa ta miƙe da farantinta, wai za ta duba wuta. Hajiya ta bi ta da kallo har ta fice.

"Yayata ni na yi jinyarta har ta cika a cinyata," ta ce a hankali. "Matso nan, 'yar nan."

Na matsa. Ta ɗora hannun nawa a tafinta tana duba ɗaurin.

"Hajiya, gara ki ji tun yanzu," na ce, sai a lokacin hawayen suka zo. "Likita ta ce zai iya dawowa."

Ba ta saki hannun ba.

"To ya dawo mana. A gidana zai same ki."