Kibod Mai Lamba Uku

Ranar Juma'a da hantsi Ignatius ya faɗo ofishin 'yan sanda na Daura yana huci, wai an sace masa kibod, allon buga rubutu na kwamfuta.

Sufeto Maharazu ya dube shi. "Kibod ɗaya tak, Oga Ignatius?"

"Sufeto, ba kuɗinsa ba ne. Ɓarawo a cikin ajina! Malamar zan kora."

A bayan shagonsa na gyaran kwamfuta Ignatius ya buɗe ajin koya wa manya karatu da rubutu. Kwamfuta ɗaya ce, ya jona mata kibod huɗu, ya raba fuskarta gida huɗu. Abin da kowa ya buga, a gidansa yake fitowa.

Da suka isa ajin, Sufeto ya tarar da malamar, Siddiƙa, tana tsaye ido ya yi ja.

"Wa kika ga ya ɗauka?"

"Ban ga kowa ba, ranka ya daɗe." Ƙasa take kallo. Sufeto ya san ƙarya ce, amma ya ƙyale ta.

Ya juya ga Ignatius. "Na'urar nan tana bambanta su?"

"Kowanne da lambarsa. Har lokacin cirewa tana rubutawa."

Suka duba. An cire mai lamba uku jiya da azahar. Yau da sassafe an mayar da shi, bayan minti biyu aka sake cirewa.

"Ikon Allah," in ji Sufeto. "Ɓarawo ya dawo da kaya, ya kuma ɗauke? Na wane ne?"

"Malam Mainasara, dillalin shanu. Dattijo ne, ba zai yi ba."

A kara, kasuwar shanu, suka same shi. Sufeto ya tambaye shi kibod ɗin.

"Ni? Jiya ina Sandamu."

"Baba," in ji Sufeto, "jiya da hantsi kibod ɗinka ya rubuta Shatu sau tara. Wace ce Shatu?"

Dattijon ya zaro kibod daga cikin babbar rigarsa, a naɗe cikin kallabi.

"Matata ce. Shekara talatin tana koyarwa a firamare. Wata bakwai ke nan ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Biro ba ya riƙuwa, amma yatsa ɗaya yana motsi." Ya share ido. "Na ga abin nan ya san ni, rubutuna ba ya shiga na kowa. Na ce ashe yana riƙe magana a cikinsa. Na kai mata, ta yi ta dannawa har magariba. Da safe na roƙi Malama ta buɗe mini, na jona. Wayam. Na ce ko ba ta danna da ƙarfi ba ne, zan sake kai mata. Kar a taɓa yarinyar nan, ni ne ɓarawon."

Ignatius ya kau da kai. Wallahi babu wanda ya iya gaya masa nan take cewa kibod ba ya ajiye rubutu, duk abin da Shatu ta danna ya tafi a banza.

Sufeto ya gyara murya. "Malam Mainasara, ka amsa laifi. Shiga mota."

Mainasara ya shiga. Sai ya ga motar ta tsaya a shago, Ignatius da Siddiƙa sun fito rungume da kwamfuta da batir. Daga nan ba ofis aka nufa ba, gidansa aka yi.

Aka jona kibod biyu, ɗaya a cinyar Shatu, ɗaya a gaban Mainasara. Ta fara dannawa, harafi ɗaya sai ta huta.

Mainasara ya matsa kusa, ya haɗa baƙaƙen da kansa, a hankali, kamar yadda aka koya masa a aji.

"ka rame. ka ci abinci?"

Ya kai hannu zai ba ta amsa, hawaye ya hana shi ganin haruffan.