Taku Goma Sha Biyu

Ƙarfe bakwai na safiyar Asabar, Insifekta Almoustapha bai ko kai kofin shayinsa baki ba, Saje Yakuba ya faɗo buro, wato ofishinsa, yana haki kamar wanda kura ta koro.

"Ranka shi daɗe, gawa! Bakin hanyar Ƙonni, bayan filin balo. Koci Abdulwahab ne. Wai kamyon siminti ya take shi."

Duk Malbaza ba wanda bai san Abdulwahab ba, mai horar da ƙungiyar Guguwa. Ran nan da yamma za su kara da 'yan Illela, wanda ya ci shi zai hau rukuni na gaba.

Kafin su isa, wuri ya cika maƙil. Ga kamyo, babbar motar dakon siminti, tsaye, an farfasa masa gilashi. Direban, wani saurayi Imrana, da ƙyar 'yan sanda biyu suka ƙwace shi, baki na jini.

Insifekta ya durƙusa gaban gawar. Rauni ɗaya ne, a ƙeya. Hannuwa a miƙe, ƙafafu a jere. Jinin da ke ƙasa bai cika tafin hannu ba. Da ya juya gawar, sai ya ga bayan rigar fari fat da farar ƙasa.

"Saje, ka taɓa ganin wanda kamyo ya taka ya kwanta tsaf haka?"

Sai wata murya ta tashi daga cikin taro: "A ba mu direban!" Nan take ɗaruruwan bakuna suka ɗauka.

Wani dattijo ya matso, ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Insifekta, bayan azahar za a yi jana'iza. Daga maƙabarta samarin ga kwamishariya, ofishinku, za su nufa, har an sayi fetur. Ni dai na gaya maka."

Insifekta 'yan sanda huɗu gare shi, bindiga biyu. Jandarmomi sun tafi wajen Tajaye bin ɓarayin shanu, ba za su dawo ba sai magariba. Gaskiyar magana, Insifekta ya ji tsoro.

A kwamishariya, Insifekta ya iske Imrana rakuɓe a lungu.

"Ka ga gawar kafin mutane su zo?"

"Ban ga komi ba, ranka shi daɗe. Tayata na tsaya dubawa."

"Taya goma sha takwas, duk lafiya lau. Saje ya duba. Kai yaro, in ka yi mini ƙarya, da mi zan tare waɗancan?"

Imrana ya fashe da kuka. "Wallahi kwance na iske shi! Na tsaya in taimaka, na ga ba rai. Sai na tuna an san mu baƙi ne, kakana daga Sakkwato ya zo. Na ruga in tada mota, ta ƙi tashi. Nan aka rufe ni."

"Ba ka ga kowa ba?"

"Ba kowa. Sai sawun baro a kan rairayi, ya nufi ƙofar fili."

Dutse ya sauka kan kwanon rufi, tau! Imrana ya dunƙule ya rufe kai da hannuwa.

"Za su ƙona ni, ko?"

Insifekta ba ya son alkawarin da ba shi da tabbacin cikawa. Ya ɗauki hularsa ya fita ta ƙofar baya.

A gidan mamaci, Sakina matar Abdulwahab ta tarbe shi a zaure, idanu sun kumbura.

"Yaushe ya fita?"

"Yana sallame asuba. Ran wasa shi ke zana layin fili da kansa. Ya ɗauki mitar awo da gwangwanin farar ƙasa."

"Koci guda, shi ke zana layi?"

"Halinshi ke nan. Tun yana malamin lakwal, makarantar boko, a Tajaye yake horar da yara ba takalmi. Daga nan 'yan garin Dogarawa suka ɗauke shi, shekara huɗu. Sannan ya tahi Yamai ya yi karatun horarwa, ya samo lasisi. Tun da ya dawo bai yarda da 'kusan haka' ba, komi sai an auna." Ta share hawaye. "Wata babbar ƙungiya a Yamai ta kira shi. Wasan yau ne na ƙarshe."

"Yana da abokin gaba?"

"Ina fa! Sai dai 'yan surutu. Ka san sabuwar doka ta ce wanda ba shi da lasisi ba ya zama bencin masu horarwa. Shi ya sa bana aka sauko da Baba Mato, aka mai da shi mai kula da fili. Amma Baba Mato kamar ubanshi ne, shi ya koya mashi buga balo."

"Ya fita da wani abu kuma?"

"Wata takarda mai hatimi, shekaranjiya ta zo daga Yamai. Ko ni ya ƙi gaya mani abin da ke ciki, sai dariya yake. A aljihun riga ya sa ta."

Insifekta ya tuna tun da safe ya laluba aljihun gawar da hannunsa. Ba takarda.

Ya iske Baba Mato a ɗan ɗakin ajiyar kaya na bakin fili, zaune kan buhun farar ƙasa, yana jan carbi. Tsoho ne mai faɗin ƙirji, ya haura sittin, usur rataye a wuya. Ƙafarsa ta hagu ta gajarce tun wata karaya da ya yi yana ɗan wasa. Shekara talatin da biyu ya yi yana horar da Guguwa. Duk wani magidanci da ke cikin taron nan, da wuya ka sami wanda bai sha ranƙwashinsa ba.

"Sannu Baba, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki, ɗana. An kashe mani yaro."

"Yaushe ka zo fili?"

"Sai da na ji kururuwa. Ƙafar ga ta hana ni barci, ko masallaci ban tahi ba. Na iske ya gama layinshi tsaf, Allah shi jiƙan shi. Ina jin yana hita hanya abin ya same shi."

Insifekta ya dubi baron da ke jingine a bango. An wanke shi, har ruwa bai gama bushewa a gindinsa ba. Wa ke wanke baron farar ƙasa da sassafe, a garin da ake sayen ruwa da jarka?

Baro jiƙaƙƙe ba hujja ba ne, kuma wanda zai ɗora wa Baba Mato laifi a Malbaza, to ya tabbata ya riƙe abin da ya fi ƙarfin gardama.

Rana ta take tsaka. Daga nesa ana jin samari na zagaya gari a kan babura suna kiran sunan Imrana.

Insifekta ya aika aka kira masa Chindo, golan Guguwa, dogo mai manyan hannuwa. Suka shiga fili. Layuka sun fito fes, gwanin kyau.

"Chindo, kai ka san filin nan fiye da kowa. Duba mini da kyau. Akwai abin da bai yi maka ba?"

Chindo ya tsaya cikin ragar gabas, ya dubi ɗigon fanareti, ya gyaɗa kai. Suka taka zuwa ta yamma. Yana tsayawa ya yamutse fuska.

"Kai! Wanga ɗigo ya yi kusa."

Saje ya kawo mitar awo daga mota. Na gabas, mita goma sha ɗaya cif. Na yamma, tara da rabi.

"Koci ba ya kuskuren awo," in ji Chindo. Har ya fara murmushi. "Wannan ai fanaretin Baba Mato ne! Da can shi bai san mita ba, taku goma sha biyu yake ƙirgawa daga raga. To da ƙafar tashi, kullum sai ɗigon ya zo mani kusa da hanci. Mukan ce..."

Bai ƙarasa ba. Murmushin ya mutu a fuskarsa, ya kama sandar raga ya riƙe.

Kusa da ɗigon akwai sabon rairayi da aka baza, launinsa ya bambanta. Saje ya sa ƙafa ya kauda shi. Ƙasan ta yi baƙi, ta dunƙule, nan da nan ƙudaje suka sauko.

Aka yi kiran azahar. Ba a jima ba aka ga makara ta wuce, gari duka na biye. Baba Mato ya fito zai bi sahu, Insifekta ya sha gabansa.

"Baba, wata 'yar alfarma. Tsaya kan layin ragar nan, ka taka mini goma sha biyu."

Tsohon ya dube shi, ya dubi Chindo. Chindo ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya fara. Dogon taku, gajeren taku. Dogo, gajere. Na goma sha biyu ya sauka daidai tsakiyar farin ɗigon, ko ɗan yatsa bai kauce ba.

Sai ya zauna daɓas a ƙasa.

"Mitar tana hannuna," ya ce da wata murya a dishe. "Amma ban iya karanta lambobin ba. Na ce in ƙarasa layin, a ce ya gama ya hita."

"Don mi, Baba?"

"Shekara talatin da biyu, ɗana. Aka tashe ni daga benci don ban da takarda, na yi shiru. Aka ba ni baro da tsintsiya, na yi shiru. Yau da asuba na zo taya shi, ya duƙa yana awo, takarda ta faɗo daga aljihunshi. Ban iya boko ba, amma na san zanen sunana, yana kan katin ɗan ƙasa. Ga shi nan, ga hatimi. Na ce, 'Abdu, mi na ne wanga?' Ya karɓe yana dariya, ya ce, 'Baba, bari sai an tashi wasa, gaban kowa za a karanta ta.' Gaban kowa! Na ce shi ke nan, kora ce, zai tozarta ni gaban yaran da na raina ya tahi Yamai abinshi. Gudumar kafa turaku na hannuna. Ya juya baya, yana dariya har yanzu."

Ya cire hularsa, ya zaro takardar a ninke.

"Tun safe take cin kaina. Ba wanda zan iya ba ya karanta mani."

Insifekta ya buɗe. Da Faransanci aka rubuta. Ya karanta sau biyu. Da yana da iko da ya ce ba komai a ciki, amma aiki aiki ne.

"Daga ƙungiyar Yamai ce. Sun ce sun amince da sharaɗin da Abdulwahab ya kafa musu, cewa ba zai zo ba sai da malaminsa Mato. Sun ɗauke ka mai kula da 'yan wasa. Sun nemo maka katin zama benci, kusa da shi."

Baba Mato bai yi kuka ba. Bakinsa kawai ya buɗe, ya kasa rufuwa.

Wayar Saje ta yi ƙara. "Ranka shi daɗe, sun baro maƙabarta! Sun kusa kwamishariya!"

Insifekta ya yi niyyar bi da tsohon ta bayan gari ya kai shi Ƙonni. To amma Imrana fa? Wa zai yarda da maganar ɗan sanda a irin wannan lokaci?

"Kai ni can," in ji Baba Mato. "Rai ɗaya ya ishe ni."

Da suka iso, taro ya riga ya kewaye kwamishariya. Ga tsofaffin tayoyi an jibge a bakin ƙofa, ga warin fetur. 'Yan sanda biyu na tsaye da bindiga. Daga ciki ana jin Imrana yana kalmar shahada da ƙarfi. Insifekta ya ɗaga hannu ya yi ta ihu, ko kallo bai ishe su ba. Wani ya zaro ashana.

Sai usur ya tsaga wurin. Dogon busa ɗaya, gajeru biyu.

Wallahi kamar an yanke wuta. Mahauta, 'yan kabu-kabu, ma'aikatan siminti, duk suka sandare inda suke. Tun suna 'yan shekara goma jikinsu ya san wannan busa, ma'anarta kowa ya tsaya.

Baba Mato ya ɗingisa ya hau dakalin ƙofa.

"Ku aje ashanar ga. Yaron da ke ciki bai taɓa kowa ba. Ni na kashe Abdu, da hannun ga."

"Baba, ƙarya ne!" wani ya yi ihu. "Tilasta maka aka yi!"

"Ku tambayi Chindo ina ɗigon yamma yake."

Idanu suka koma kan Chindo. Ƙaton nan ya rufe fuska da manyan hannuwansa yana kuka kamar yaro. Mai ashana ya sake ta ta faɗi.

Saje ya buɗe ɗaki ya fito da Imrana. Mutane suka dare, ba wanda ya iya haɗa ido da shi.

Insifekta ya sa wa tsohon ankwa. Baba Mato ya sunkuyar da kai, aka cire masa usur daga wuya. Suka ratsa taron har mota, ba wanda ya ɗaga hannu.

Sun kama hanyar Ƙonni, sun wuce filin balo, sun wuce kamyon da aka farfasa, sannan tsohon ya yi magana daga kujerar baya.

"Ɗana, takardar na wurinka?"

"Tana nan, Baba."

"In ba damuwa, sake karanta mani. Wurin da ya ce malaminshi."