Wayar da Ta Faɗa Randa

Yasira na tsakar gida tana juya kifi a kan banda, Inna Rahila na tankaɗe, sai ga mahaifinta Malam Ɗanbaba ya faɗo gidan ko sallama babu, waya a hannu, hula a karkace.

"Ku saurara! Ku ji ɗan banzan nan ya sake!"

Ya danna. Wata murya ta fito, mai kauri da amo kamar daga ƙasan rijiya: "Jama'ar Yelwa, Muryar Gulbi ke gaishe ku. Koren jirgin ruwan nan mai zuwa Warra ranar kasuwa, jiya ya ɗauki shinkafa da babura da saniya, mutane kuma a kan saniyar. Rigar ruwa mai hana nutsewa ko ɗaya babu. Mai son ransa ya kula."

Duk Yelwa koren jirgi ɗaya ne, na Malam Ɗanbaba. Tun da wannan murya ta fara yawo a wasaf, ba suna ba hoto, fasinja suka soma yi masa kallon malam-ga-kabarinka.

"Baba, amma da gaske an hau saniyar?" in ji Yasira tana danne dariya.

"Mutum ɗaya ne! Shi ma jingina ya yi!"

Inna ta ce, "Allah shi kyauta," ta ci gaba da tankaɗe kamar garin ne ya yi mata laifi.

Da la'asar Zaidu ya zo zance. Shi ne mai gyaran waya a bakin kasuwa, saurayin Yasira, an ma sa bikinsu bayan girbin shinkafa. Bai kai ga zama ba Malam ya ja shi zaure.

"Zaidu, kai ɗana ne. Duk wayar garin ga ta hannunka take bi. Ka san mai muryar nan?"

Zaidu ya sunkuyar da kai. Ƙarya ba ta cikin halinsa, kuma ya sani ɗin. Kwanakin baya aka kawo masa wata waya jiƙe sharkaf, ya busar da ita, da ta kawo wuta ya ga abin da ya gani.

"Baba, na sani. Amma ba zan iya faɗa ba."

"Mi kac ce?"

"Wayar da aka kawo mini gyara amana ce. In an yi maka ƙazafi, a kai kotu, alƙali ke da ikon ya ce a buɗe. Ni sukurdireba kawai gare ni."

"To riƙe sukurdirebarka, ni kuma in riƙe ɗiyata! Ranar da ka kawo suna, ranar za a yi maganar biki!"

Yasira da ke laɓe bayan zana ta ji komai. Ta tare shi a ƙofar gida, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Haba Zaidu! Filis, suna ne fa kawai! Wani can da ba ka haɗa komai da shi ba ya fi ni?"

"Gimbiyata, ba wanda ya fi ki."

"To raɗa mini a kunne, wallahi ba zan gaya wa kowa ba."

"Ke? Ke da kika gaya wa duk layinku kalar akwatin lefenki tun ban saya ba?"

Ta kai masa duka da gefen mayafi, tana kuka tana dariya. Ya ce a hankali, "Yasira, hotunanki da saƙonninki duk sun bi ta shagona lokacin da sikirin ɗinki ya fashe. Kin taɓa jin su a bakin wani? In na buɗe na wani yau don ina son ki, gobe zan buɗe naki don ina son wani abu."

Ta murguɗa baki. "Zan yi bulokin ɗinka."

Ta yi kuwa. Kafin magariba ta cire.

Aka girbe shinkafa, aka sussuke, ba maganar biki. Zaidu bai fasa zuwa gaida Malam ba, Malam bai fasa juya masa ƙeya ba. Yasira ta rame har zobenta na zamewa. Inna kuwa in ta dubi ɗiyar sai ta shige ɗaki, ta fito ido jawur ta ce hayaƙin banda ne.

Ran nan da hantsi sabon saƙon Muryar Gulbi ya fito. Malam ya aro ƙatuwar sifika wurin maƙwabcinsa Dauda mai kiɗan biki, ya dasa ta a tsakar gida.

"Yau sai na gane shi! Ko numfashinsa ne in ji da kyau!"

Dauda ya ƙure ƙara. Muryar ta cika gidan: "Jama'ar Yelwa, ruwa ya ƙaru, kututturan da ke ƙarƙashin tafki ba a ganinsu..." Sai can bayanta aka ji wani ƙato yana kwarara kira:

"Rahila! Ke Rahila! Wa ya ɗauke mini buta?"

Kowa ya juyo ya dubi Malam. Kaza ma ta tsaya da ƙafa ɗaya.

Dauda ya ce, "Malam, wannan kam kamar na san shi."

Malam ya dubi sifika, ya dubi butarsa, ya dubi Yasira. Ta ce, "Wallahi Baba ba ni ba ce!" Sai ya juya sannu a hankali wajen babbar randar da ke gindin ɗaki, wadda aka daina zuba wa ruwa ba tare da ya taɓa tambayar dalili ba.

Inna ta aje rariya. "Ni ce, Malam. Kaina nake sawa a ciki in yi magana. Farkon yi ban kwashe ruwan ba, wayar ta suɓuce, shi ne na kai wa yaron nan."

"Ke? Da kike cewa Allah shi kyauta?"

"Ai da gaske nake. Sau nawa na gaya maka a fili ka rage lodi, ka ce mace mi ta sani da ruwa? Ƙanena Maliki a irin jirgin nan ya tafi, ko gawarsa ba mu samu ba. Kai ke riƙe da injin, Malam. Ba ni son takaba." Ta dubi Yasira. "Kiran butar nan na ji shi sarai, da gangan na tura. Na gaji da ganin ɗiyata tana bushewa kamar kifin banda saboda tsorona."

Yasira ta ruga ta rungume ta. Malam ya zauna a kan turmi ya cire hula.

"Dauda, kashe abin nan. Kuma in na ji labarin ga a bakin gulbi..."

"Wane labari? Ni sifika na kawo."

Aka aika aka kira Zaidu, ya zo. Malam ya dube shi sama da ƙasa.

"Ashe sirrin gidana ka ɓoye mini, ja'iri."

"Na Inna ne, Baba. Ita ke da ikon faɗa."

"Na hana ka mata, ka ƙi buɗe baki. To wanda ya riƙe asirin uwa haka, ba zai tallata na ɗiya ba. Je ka gaya wa manyanka su zo."

Yasira ta rangaɗa guɗa da kanta, Inna ta ce, "Ke, marar kunya, amarya ba ta yi wa kanta!"

Ranar kai amarya Warra, garin su Zaidu, a koren jirgin aka tafi, kowa sanye da rigar ruwa a kan ankonsa, Malam da kansa yana tsaye yana korar masu neman ƙari. Muryar Gulbi ba ta daina ba, har yau Yelwa ba ta san mai ita ba. Sai dai in za ta yi magana, akan ga Malam zaune a ƙofar gida yana hana kowa shiga, wai ana gyaran randa.

'Yan'uwa matasa, abin da ke cikin wayar mutum kamar abin da ke cikin ɗakinsa ne, in ya ba ka mabuɗi bai ba ka izinin shela ba. Wanda ya ɓoye sunansa ya faɗi gaskiya don ceton rai, a rufa masa asiri. Mai riƙon amana kuwa, ko an ja masa rai, ba ya taɓewa.