Sunan da Ke Ƙasan Shuɗin Kwano

Ranar da Eskil ya fara shiga shagon tsofaffin gilasai na Baba Sixten, bai ma ga Majken ba. Duk abin da ya ɗauka sai ya kifa shi ya leƙa ƙasansa, har kofin gahawar da ta miƙa masa sai da ya ɗaga ya leƙa.

"Wannan dai na shan gahawa ne, Sarkin Leƙe," in ji ta.

Ya ɗago, suka haɗa ido, kunya ta kama shi. Daga nan fa aka samo asali.

Eskil ma'aikacin gidan tarihin gilashi ne, aikinsa gane wanda ya yi abu da zamanin da aka yi shi. Ita kuwa Majken tun rasuwar mahaifiyarta take tsare a shagon nan, a wani ƙauye cikin dajin Småland da aka daɗe da kashe tanderun masana'antar gilashinsa. Ƙawayenta duk sun yi birni. Ita kaɗai ce 'yar Sixten, ina za ta bar shi? Kullum tana goge gilasan da ba mai taɓawa, tana jin kamar ita ma an ajiye ta a kan kantar shagon.

Sai Eskil ya riƙa ƙirƙiro dalilan zuwa, yana riƙe da burodin kirfa. In ya koma sai saƙo ya biyo: "Hasken shago, yau na duba gilasai da yawa, ban ga mai kyanki ba."

Ta mayar: "Daɗin baki. Gobe ka zo da wuri, Baba zai nuna maka kwanon Kaka."

Shuɗin kwanon nan shi ne ran Sixten. Mahaifinsa Helge ne ya hura shi daga narkakken gilashi, kuma za a kai shi baje kolin gidan tarihi. Eskil ya kifa shi, ya sa madubin ƙara girma, ya duba da kyau. Kwano in ya shekara a kan tebur, ƙasansa yakan kakkarce, karcen kuma ya bi ta kan duk sunan da aka zana. A nan kuwa sunan Helge ne ya yanka ta kan karcen. Eskil ya ce launi da nauyi na shekarun 1950 ne, babu shakka, amma sunan daga baya aka sa shi.

Sixten ya nuna masa ƙofa, ya ce kada ya ƙara taka shagon, kada kuma ya ƙara kiran 'yarsa. Ya san duk dillalin da aka kama da ƙarin suna ya gama yawo, don kowane gilashi a shagonsa sai an yi masa kallon zargi.

Majken ta shiga tsaka mai wuya. Ga wani dillali daga Stockholm, Göran, yana ta zarya, yana yaba kwanon da bakin da yake yaba ta, Baba kuma sai washe baki yake. Ta rasa wanda za ta kai wa kuka. Ta rubuta wa Eskil: "Ka ce kuskure ka yi. Kalma ɗaya ce, Baba ya huce."

Amsa ta zo: "Majken tawa, in na yi ƙarya a kan kwano, da wane baki zan ce ina sonki ki yarda? Ban faɗa wa kowa ba, ba kuma zan faɗa ba. Amma ba zan sa hannu a takardar shaidar kwanon ba."

Ta yi fushi, ta daina amsa wayarsa. Kewa kuwa ta hana ta sukuni.

Wata safiya ta sauko da kwanon, ta ajiye shi gaban mahaifinta.

"Baba, wa ya rubuta sunan nan?"

Ya juya kofinsa, ya sake juyawa. Sannan ya ce shi ne. Helge ya ƙare rayuwarsa a bakin wuta, amma masana'anta sunan mai tsara fasali kaɗai take sawa, ba na mai hurawa ba. Wannan kwanon a lokacin hutun cin abinci ya yi shi da ragowar narkakken gilashi, Sixten yana tsaye yana kallo. Ranar da aka kashe tanderu Sixten ya kasa jurewa, ya zana sunan mahaifinsa.

"To a rubuta haka mana, Baba."

"In an rubuta, shago ya mutu."

"In ba a rubuta ba, ni ce zan tsufa a cikinsa ni kaɗai."

Bai taɓa jin ta faɗi haka ba. Ya dube ta, idonsa ya ciko.

Da ƙafarsa ya je gidan tarihi ya ba da shaida. Eskil ya rubuta a takardar da ke gaban kwanon a baje koli cewa Helge ne ya hura shi, ɗansa ya zana sunan daga baya. Magana ta zaga, Göran ya ɗauke ƙafa, wasu masu saye ma suka bi sahunsa. Kafin ƙanƙara ta narke Sixten ya rufe shagon.

A tsakiyar rani aka ɗaura auren, a tsohon ɗakin tanderu. Da aka zo jawabin uban amarya, Sixten ya miƙe.

"Eskil, ka raba ni da shagona, na kuwa gode. Da ban rufe shi ba, da ban san na kulle 'yata a ciki ba. Ku je, Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya."

Majken ta rungume shi tana kuka, hannunta ɗaya cikin na mijinta.