Fitilun Shagon Alhaji Gwadabe

Tana kan tsani Mudassir ya fara ganinta, tana riƙe da tef ɗin awo tana ba kafintoci umarni. Maganin ciwon kai ya shigo nema a wani sabon kemis da ke Ƙofar Sauri, ya tarar ba a ma buɗe ba, sai warin fenti. Ciwon kan dai ba a sake jin labarinsa ba.

"Malam, ba a hwara sai da magani ba," in ji ta.

"Ai na samu sauƙi. Ke kika tsara wurin nan?"

Sunanta Saudatu. Aikinta tsara cikin shaguna da ofisoshi, daga fentin bango da silin har inda kantar kaya za ta zauna. Sana'ar ƙarama ce, tana riritata kamar jinjiri. Shi kuma ɗan Alhaji Gwadabe ne, mai shagon shadda da yadi a Ƙofar Marusa, dattijon da aka sani da gaskiya tun kafin a haifi Mudassir. Mudassir ɗin ke taya shi kasuwancin.

Soyayya ta kankama a waya, rabinta shawarar kasuwa.

"Ka riƙa sa hoton sabon kaya a sitatus ɗin wayarka da safe," ta rubuta masa. "Wanda ya saya kuma ka kira shi ka ji ko ɗinki ya yi kyau. Ƙaramin ɗan kasuwa da gaisuwa yake girma."

"Ni gaisuwar mutum guda nake jira, Sauda tawa."

"Kai dai ba ka jin magana, Muddana."

Da zancen ya isa kunnen Alhaji, sai ya ɗaure fuska. "Ɗiya mace tana hawan tsani cikin maza? Ga Zulaihat ɗiyar aminina nan, mi ta rasa?"

Mudassir ya yi ta lallashi har tsohon ya yarda ta gyara shagonsa, ya ga aikin hannunta. Saudatu ta zage damtse. Ta jera katako har sama, ta sa gilashi mai duhu a gaba don kada rana ta kodar da kaya, ta sa na'urar sanyi, sannan ta jera fitilu masu hasken ruwan ɗorawa irin na manyan otal. Shago ya fito tsaf. A da, mai saye kan fita da yadi bakin ƙofa ya duba kalarsa a rana, yanzu kuwa wa zai bar sanyi ya fita?

Ba a daɗe ba fitina ta kunno kai. Wani ya zaɓi shadda ruwan madara, ya buɗe a gida ya ga fara sol. Wasu mata suka zaɓi ankon biki kore-kore, tela ya baje shi ya fito shuɗi. Magana ta bazu cewa Alhaji Gwadabe musanya kaya yake yi wajen naɗewa. Shago ya koma wayam, hawan jini ya kwantar da Alhaji, a cikin gida kuma aka fara raɗa cewa yarinyar nan farar ƙafa gare ta.

Raɗar ta isa kunnen Saudatu. Wannan suna in ya manne wa mace, ba aure kaɗai yake hanawa ba, ko shago ba mai barinta ta taka. Ta kira Mudassir, shiru. Ta sake kira, shiru. Tsoro ya hana ta cin abinci, ta tabbata ya bi zaɓin mahaifinsa.

"In ka haƙura da ni ne, ka gaya mani da bakinka," ta rubuta.

Sai da hantsi amsa ta zo: "Ina asibiti da Baba, wayar na mota. Ban haƙura ba, hasken idona. Amma wallahi tsoro nake ji."

Da azahar suka haɗu a shagon. Farin hijabi ne a jikinta, tana ɗaga kai ta ga kanta a madubin bango sanye da ruwan madara. Ta fizgi wani yadi kore-kore ta fita da shi rana, ya koma shuɗi a hannunta.

"Mudassir, ni ce. Fitiluna ne. Baba bai musanya komai ba."

Ya rage murya. "Mu canza su yanzu ba wanda ya sani. In aka ji, wa zai sake ba ki aiki?"

"Su waɗanda suka tahi da cewa Baba macuci ne hwa? Canza ƙwan fitila zai wanke shi?"

Ya bar fitilun yadda suke.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, dattawan unguwa suka taru a ƙofar shago suna yi wa Alhaji sannu da jiki. Saudatu ta iso, ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya amsa ba tare da ya dube ta ba.

"Baba, ina roƙon arziki. Ku shigo ku ga wani abu."

Ta shimfiɗa shadda a kan kantar shagon, kowa ya ce ruwan madara ce. Ta ce Malam Lawal, limamin unguwa, ya fita da ita da hannunsa. Yana fita ya yi salati, sauran suka biyo shi suna jujjuya farar shadda.

"Kuskurena ne," in ji ta, hawaye na zuba. "Hasken da ya dace da otal na sa a shagon tufafi. Don Allah ku gaya wa mutane, ku ambaci sunana."

Alhaji ya ɗago ya dube ta.

"Kin san abin da kika yi wa sana'arki yau?"

"Na sani, Baba."

Ta kuwa sani. Kafin mako ya zagayo, mai wani gidan abinci ya janye aikin da ya ba ta. Amma labari ya zaga gari, aka sa fararen fitilu, masu saye suka dawo suna sunkuyar da kai suna ba Alhaji haƙuri. Shi da kansa ya tura ƙannensa neman auren.

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura. Da aka kawo amarya gaishe shi, Alhaji ya sa aka matso da ita kusa.

"Ɗiyata, na tsufa ina awon yadi ban taɓa rage wa kowa ko ɗan yatsa ba, amma ban san ko zan iya abin da kika yi ba. Allah ya yi maki albarka, ya zaunar da ku lahiya, ya ba ku ɗiya masu halinki."

"Baba, ni hwa?" in ji Mudassir daga bakin ƙofa.

"Kai ma ka dage ka koya."

Ɗaki ya ɗauki dariya da amin, amarya na kuka a cikin lulluɓi.